Shayin da Bai Ga Wuta Ba

Tun daga Ambursa na tuƙo babur zuwa Argungu don in ji amsar Safiyatu: in turo magabata ko in haƙura. Sai ta miƙo min shayi mai sanyi ƙalau. A gidanmu, baƙon da aka gaji da shi ake ba shayin da ya huce.

Na ce, "Mi na yi miki? Ko gawayi ya ƙare a garinku?"

Ta sunkuyar da kai. "Wanga bai ga wuta ba. Tun asuba na jiƙa ganyen a kwalba, na sa cikin randa."

"To korata ake ko tarbata?"

"Haba Munzali, wanda zan sallama tafasa mishi nake, ya sha ya tafi. Ka ce ma baffanka ya zo ran Juma'a."

Na shanye har da ganyen.