Ranar da Tabawa Ta Fizge Wayar Amshi

Tun da hukuma ta kafa akwatin amshi a kowane zauren marubuta, ba a ƙara jin bakin mutum ya karɓi waƙa ba. Mawaƙi ya rera baitinsa, akwatin ya amsa daga bango da muryoyin da aka taɓa naɗa, jama'a kuwa su yi tagumi.

Ranar Asabar Inna Tabawa ta miƙe a zaurensu da waƙar da ta yi wata uku tana gyara. Ta rera baitin farko, akwatin ya karɓa daram. Cikin muryoyin sai ta tsinkayi ta Malam Gwadabe, abokin hamayyarta da aka binne bara. Ga shi yana amsa mata cikin ladabi, mutumin da bai taɓa barin baitinta ya wuce bai ce ya karye ba.

Ranta ya ɓaci. Ta je ta fizge wayar akwatin daga bango.

"Inna, doka ce fa!" in ji Sagiru, shugaban zauren. "Rufe mana wurin za su yi."

"Su rufe! Matattu na amshi, rayayyu na gyangyaɗi? Ni don bakinku na rubuta, ba don bango ba!"

Ta sake rera baitin. Shiru. Ta maimaita.

Can baya wani dattijo ya yi gyaran murya. "Tabawa, ɗango na uku ya karye."

"Ƙarya kake yi!" ta daka masa tsawa, idanunta cike da ƙwalla. "Taso nan ka nuna mini!"