Kwamfutar Auta Mai Jan Ƙafa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin ƙofa.

Ta shigo mu ji ta.

An yi wani saurayi da kowa ke kira Auta, yana da ɗan shagon buga faifai a ƙasan wani bene. Babban cinikinsa na wata makarantar koyon tuƙi ne. Duk mako yakan kwafa musu fayafayan darasi da suke raba wa sababbin ɗalibai. Auta akwai ƙwazo, sai dai kunya. In mace ta gaishe shi, takalminsa yake amsa wa.

Da safe in ya fita sayo fayafayai, mahaifiyarsa, Mama, ce ke tsare masa shago. Tana zaune a kujerar roba tana saƙa, kwamfutar ma "talabijin ɗinka" take ce mata.

Wata rana kwamfuta ta fara jan ƙafa. Faifan da a da yake gamawa kafin Auta ya kurɓi shayi, yanzu sai shayin ya huce bai kai rabi ba. Kibiyar allo tana tsalle, sauti yana in'ina. Auta ya hure ƙura, ya canja waya, ya sayo wasu fayafayan masu tsada. Ba abin da ya sauya.

"Ka kira yarinyar nan mai gyara ta layin baya mana," in ji Mama, ba ta ko ɗago kai ba.

Mai gyaran kuwa Injiniya ake ce mata. Ta zo da 'yar jakar hannu, ta ja kujera, ta buɗe jerin na'urorin kwamfutar kai tsaye.

"Ka ga nan? Hanya biyu kwamfuta ke aika wa na'urar faifai saƙo. Akwai mai sauri, DMA, kaya su wuce da kansu. Akwai PIO, wannan kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke dako, cokali-cokali. Taka ta koma dako."

"Me ya mayar da ita?" Auta ya tambayi takalminsa.

"Faifai mai karce. In ta yi ta fama ta kasa karanta shi, sai ta tsorata ta koma tafiyar hawainiya, kuma ba ta dawowa da kanta. Malam, da ni kake magana ko da siminti?"

Ta goge layin na'urar daga jerin, ta kashe kwamfuta ta kunna. Nan take faifai ya kama gudu kamar fanka. Mama ta kawo shayi, Injiniya ta zauna ta sha, ta tafi.

Mako bai zagayo ba, ciwo ya dawo. Aka sake kira, aka sake gyara, aka sake shan shayi. Auta ya bi fayafayan shagon ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su a hasken taga, bai ga karce ko kamar na farce ba. Ya roƙi Injiniya ta koya masa gyaran. Ta ce to, amma yatsunta sun fi idonsa sauri, shi kuma idon nasa ma ba a kan allo yake ba.

Haka aka yi ta yi, har aikin makaranta ya fara makara. Mai makarantar ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Auta, ni ba na son surutu. In fayafayaina ba su iso yau kafin mu tashi ba, na canja shago."

"Za su iso, Yallaɓai."

Yana juya baya, Auta ya saka faifan farko. Kwamfuta ta yi nishi, ta kama dako.

Wannan karon bai aika kowa ba, da ƙafarsa ya ruga layin baya. Ya tarar da Injiniya tana rufe shagonta, jaka a kafaɗa. Suka dawo tare, ta gyara, ta kuma tsaya taya shi. Shi yana sakawa yana cirewa, ita tana manna takarda tana jerawa a kwali. Rana tana yin ƙasa, tulin yana yin sama, gumi ya jiƙa masa riga.

Da faifan ƙarshe ya fito, Auta ya rungumi kwalin. Ya kai ƙofa, ya tsaya, ya juyo. Tsoro ya riga ya cinye kunyar, ya dube ta ido cikin ido.

"Injiniya, shagon nan ba zai rayu ba in babu ke. Ni ma ina jin haka ne. In kin yarda, ina son manyana su je su ga naki."

"Ikon Allah, ashe ka san inda fuskata take," in ji ta. "Je ka kai wa mutane kayansu tukuna. Su zo, muna gida."

Ya fita da gudu, har yana tuntuɓe da matakala, ya kuma isa kafin a rufe makaranta.

Shago ya yi shiru. Mama ta ajiye saƙa, ta leƙa titi ta tabbata ya sha kwana. Sannan ta ɗaga matashin kujerarta, ta zaro wani faifai da ya sha karce kamar an ja shi a kan tsakuwa, wanda take zura wa kwamfuta in Auta ya fita da safe, ta miƙa wa Injiniya.

"Ungo faifanki, 'yata, aikinsa ya ƙare. Amma na yau kam kin sa ni na kusa kashe wa ɗana kasuwa."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ɗauki sauran.