Sifikar Hagu

Sifikar hagu ta fara yi wa Injiniya rowa ranar Talata, kwana ɗaya bayan ya ɗauko amfilifayarsa, na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga shagon gyara.

Ya zauna a kujerarsa ta tsakiyar falo, wadda ƙafafunta suka daɗe da haƙa ramuka huɗu a kafet, ya sa faifan da ya fi sani a duniya. Ganga ta fito daga dama raɗau. Sarewar da ya kamata ta amsa daga hagu kuwa sai ka ce a gidan maƙwabta ake busa ta.

Shi ba mutumin da za a yi wa haka ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo. Har yau in tsofaffin ma'aikata sun haɗu sai an tuna ranar da ya tsayar da shiri saboda ya jiyo kukan fanka daga ɗaki na uku.

Ya duba maɓallin da ke raba sauti tsakanin hagu da dama. Farin layin yana tsakiya cif. A ƙa'idarsa ba a taɓa wannan maɓalli. Duk mai murɗa shi, in ji shi, ragon ma'aikaci ne, ɓoye cuta yake yi ba magani ba.

Ya tuɓe riga ya durƙusa. Ya goge bakin wayoyi, ya ɗaure su tamau. Shiru. Ya sauya wayar dama da ta hagu. Hagu dai. Ya rungumo sifikun nan masu nauyin buhun siminti, yana nishi, ya mayar da kowace mazaunin 'yar'uwarta. Hagun dai ce. Ya ce to ɗakin ne ke shanye sauti: ya sauke labule, ya ja doguwar kujera waje, ya naɗe kafet. Falo ya koma kamar na masu tashi, sarewa kuwa tana can gidan maƙwabta.

Abin haushin, lafiya lau amfilifayar take kafin ya fitar da ita. Matarsa ce ke goge ta kowace safiya, ba ta yarda ko 'ya'yanta su taɓa, kuma duk sanda ya ce zai kai a wanke mata ciki sai ta ce, "Abin da ke aiki, me za a gyara?" Da ta tafi jinyar ƙanwarta ne ya samu sarari.

Ranar Alhamis ya saɓa amfilifayar ya koma shago. Mai gyaran amininsa ne tun suna samari, shi ya riƙe masa jariri na fari a asibiti. Ya jona ta da na'urar awo. Allurai biyu suka tashi tare, suka sauka tare.

"Ka gani, mutumina? Ƙura kawai na share. Sai hular wani maɓalli da na samu a karkace, na daidaita ta."

"Allurarka zan yarda da ita, ko abin da nake ji?"

"Ni dai ban ji komai ba."

"Ai dama. Kunnenka ya daɗe da toshewa, kunya ce ta hana mutane gaya maka."

Ya faɗa ne a gaban masu jiran kayansu. Mai gyara ya ajiye sukundireba a hankali. Injiniya ya ɗauki amfilifayarsa ya fito yana rantsuwa ƙafarsa ba za ta sake taka shagon ba. A bakin titi saura ƙiris mai babur ya kwashe shi, Injiniya ya bi shi da zagi, yana mitar matuƙan zamani da ba su san amfanin hon ba.

Da yamma ya kira matarsa ya zayyana mata. Sai ta tambaye shi:

"Gyara ka kai ta?"

"Eh."

"Gobe ina hanya."

Ta iso da hantsi. Ta dubi labule a ƙasa, ta dubi kafet a naɗe, ta dubi mijinta da ya rame a kwana uku. Ta ce ta bar jaka a bakin ƙofar gida, ya taimaka ya shigo da ita.

Da ya dawo ya same ta tana goge amfilifayar da tsumma. "Baban yara, sa faifan naka mu ji."

Ya sa don kawai ya nuna mata. Ganga ta fito daga dama. Sarewa ta amsa daga hagu, tar, kamar mai busar yana tsaye a falon. Ya zabura ya duba farin layin: tsakiya cif.

Ya koma kujera yana dariya. Ya ce ai ya sani, wayar ƙarshe da ya sauya ce sai yanzu ta zauna. Ya ce gobe ma zai je ya yafe wa mai gyara, tunda ba laifin mutum ba ne in tsufa ya taɓa masa ji. Ya lumshe ido.

Matar ta naɗe tsummanta, ta zo ta tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu.

"Shekara huɗu ke nan ina cire hular maɓallin nan in murɗa maka sauti hagu, in mayar da layin tsakiya," ta ce da cikakkiyar murya. "Bana sai da na kai shi ƙarshe."

Injiniya ya ci gaba da kaɗa kai, bai ko juyo ba.