Ƙuli-ƙulin Da Ya Je Tokyo

Matan zumuntar cocinsu ne suka tarye shi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, zane iri ɗaya, ba mai guɗa. Ya ɗauka girmamawa ce.

A hanya bakinsa bai huta ba. Ya ba su labarin Tokyo, birnin da ya zaga a ƙafa bayan ya gama kwas ɗin reluwe, daga shi sai jaka a baya. Garin da kwanon shinkafa ke cin kuɗin akuya! A benci ya riƙa kwana, ƙuli-ƙulin da mahaifiyarsa ta yi masa guzuri ne ya riƙe ransa.

"Na ma rage guda, in tsokane ta. Ina Mama? Tana gonar citta?"

"Ka sha ruwa tukuna, ɗana," in ji ƙanwar mahaifiyarsa, da ke cikin matan.

A tsakar gida ya tarar da Fasto da dattawa sun yi jugum. Bayan ɗakin Mama akwai sabon kabari.

Ya buɗe tafin hannunsa. Ƙanwar Mama ta ɗauki ƙuli-ƙulin da ke ciki ta sunsuna, ta mayar masa da hannu biyu.

"Adana shi. Girkinta da ya rage a duniya ke nan."