Motar da Ke Aman Ruwa

Karo na huɗu ke nan cikin wata guda da aka turo motar tsohon direban zuwa gareji, tururi na tashi daga bonet, ruwan tsatsa na bin ƙasa.

Motar ta girmi makanikin. Shekara arba'in tana hannun tsohon, bai taɓa barin wani ya riƙe sitiyarinta ba.

Makanikin ya wanke lagireto, ya sake tiyo, ya ɗaure fanbel, ya sa sabon murfi. A gareji takan yi awa guda tana aiki lafiya lau. Amma da ta kwana gidan tsohon, ba ta kai ƙarshen layi sai ta tafasa ta yi aman ruwa.

"Allurar zafin tana ina yanzu?" tsohon ya tambaya, goshinsa dab da agogon motar.

"Tana tsakiya, Baba."

"To, Asabar zan mai da jikokina uku gidan uwarsu, tafiyar awa biyar. In ta kunyata ni, kai da taɓa ta har abada."

Makanikin ya kasa zama. Ya sake kwance famfon ruwa, ya leƙa kan inji, ya bi kowace tiyo da yatsa yana neman inda take yoyo. Bai ga komai ba. Abinci ma a tsaye ya ci shi.

Ranar Asabar da sassafe ya nufi gidan, don ya ga motar da idonsa kafin a tashi. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai sabon kwarzane mai launin fentin motar. Ya wuce ciki.

Ya tarar da bonet a ɗage, murfin lagireto a sassauce. Matar tsohon tana durƙushe, ta tara bokiti a ƙasa, ruwa na tsiyaya ciki. Daga ɗaki ana jin yaran na rigimar wanda zai zauna gaba.

Ba ta razana ba. Ta goge hannu da gefen zaninta, ta sassauta murya.

"Ɗana, ka yafe mini, aikinka ba shi da aibu. Wata guda ke nan da likita ya ce malam ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa, shi kuma ya ƙi yarda. Shi ya sa nake rage ruwan, don kada ya hau hanya."