Kaskon Hayakin Doki

Shekarar da Nasara suka kwashe mazan Matameye aikin hanya, har da babanmu, ban ruwan lambu ya koma hannun mata. Wata la'asar Inna ta fito za ta korama ban ruwa, masassara tana kaɗa ta, damatsanta duk cizon sauro. Ta durƙusa gaban kakanmu, ta roƙi kaskon hayakin da maza kan ajiye kusa da su wajen ban ruwa don korar sauro.

Kaskon yana gindin dokinsa. Har yau ina jin warin busasshen kashin shanun da ke ci a ciki.

Ya ce, "Mace da wuta sai a murhu. Rake kika sha, shi ya kawo masassara."

Ta miƙa hannu, kanta a ƙasa. "Baba, wannan ma raken ne?"

"Dokin fa? In bari su cinye shi?"

Inna ta naɗa gammo, ta ɗora kaskon a ka, ta ce in biyo ta da guga.

Allah ya ji ƙan tsohon nan, amma har yanzu haushinsa nake ji. Muka bar shi tsaye yana yi wa doki fifita da malfarsa, bai ko tambayi jikinta ba.