Ranar Zuba Dakin a Gindin Tudu

Tunda ka ce mini magudanar ruwan sai ka gama rufi za ka waiwaye ta, ɗan zauna ka ji wannan misali kafin ka koma wurin aikin naka.

Wani magini ne aka ba shi aikin bene a gindin tudu. Ta tsakiyar filin akwai ɗan kwari da ruwan tudun ya saba bi kowace damina, gamba ta riƙe bakinsa hagu da dama. Da rani aka fara aiki, kwarin a bushe, ba komai cikinsa sai tsakuwa da kashin awaki. Maginin ya sa aka tuge gambar, aka cike kwarin da jar ƙasa, aka daddaɓe, wuri ya kwanta sumul kamar faranti. Wata tsohuwa mai kiwo a gefen filin ta tsaya tana kallo, can ta ce masa, "Ɗan nan, ka rufe wa ruwa ƙofarsa, ina ka buɗe masa wata?" Ya ce, "Iya, da mun yi rufi za mu haƙa masa lambatu." Ba ƙarya ya yi mata ba, niyyarsa ke nan har zuci. Aikin wuni biyu ne da diga da shebur, shi ya sa kullum yake ɗage shi zuwa gobe. Bango ya tashi, aka shimfiɗa katako a sama, aka ɗaure rodi, aka kafa sandunan tokara fiye da ɗari a ƙasa don su ɗauki nauyin kankare. Rabin sandunan nan a kan cikon kwarin suke tsaye, ba wanda ya tuna.

Ka fi ni sanin ka'idar zuba dakin, wato rufin kankare: in an fara ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, don in sabon kankare ya haɗu da busasshe, nan ne zai tsage. Da hantsi suka fara, leburori suna hawa tsani ɗaya da kwanon sarki a ka. Bayan azahar an ci kashi biyu cikin uku, sai gabas ta yi baƙi. Maginin ya ɗaga kai ya duba, ya ce a ƙara sauri. Ruwan bai ma fara sauka a kansu ba, a kan tudun ya fara. Ƙararsa suka soma ji, sannan suka gan shi yana gangarowa, jawur, ɗauke da ciyawa da leda. Ya iso inda ƙofarsa take a da, ya tarar da tulin yashi, ya kwashe yashin ya shige cikin ginin. Maginin ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin katakon, ruwa iya idon sawu. Ya dafa sanda ɗaya, ta juya a hannunsa. Ya dafa ta kusa da ita, ita ma lilo take yi, ƙasar gindinta ta tafi. A saman kansa kuwa mutum goma sha huɗu ne tsaye a kan ɗanyen kankare, yana jin takunsu, katakon yana kuka ƙasa ƙasa. Saura kwano kamar hamsin a gama. Zuciya ta ce masa ka bari su ƙarasa, sauran sandunan za su riƙe. Ya ambaci Allah, ya fito, ya ce kowa ya ajiye kwanonsa ya sauko. Wasu suka tsaya musu, wai ai an kusa. Ya riƙe tsanin da hannu biyu yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun tsanin suna nutsewa cikin laka. Na goma sha uku ya sauka. Na ƙarshe dattijo ne mai ciwon gwiwa, yana taka matakala a hankali, sai tsakiyar rufin ya lotsa. Dirowa ya yi, ya karye a ƙafa, rufin ya zube a bayansa da rodi da katako da aikin wata uku.

Allah Ya tsare rayuka, amma dattijon nan bai sake hawa tsani ba. Da ruwa ya ɗauke, kwarin yana nan inda yake tun fil azal, sai dai yanzu ta tsakiyar falon mutane ya ratsa, ya ninka zurfinsa na da.

Ruwa bawan Allah ne, inda aka umarce shi yake bi, ba ya jiran kowa ya gama rufi. Masu magana suka ce, tun ran gini ran zane.